Araha Ba Ta Ado

Wanda duk ya bi hanyar Dutse zuwa Shuwarin da Kiyawa ran kasuwa ya san tsofaffin motocin a-kori-kura su ne jakunan talakawa a yau. Cikinsu har da Fijo, wadda aka soma harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Abin da ya dame mu shi ne yadda masu su ke raina wayar fulogi.

Wayan nan ita ke kai wuta daga distirbuta zuwa fulogi, wutar kuwa ta haura bolt 10,000. In robarta ta tsage sai wuta ta tsiyaye, balle da damina. Daga nan inji ya riƙa shaƙewa, fetur ya tafi a banza, tumatirin manomi ya ruɓe a bakin hanya.

Shawararmu ita ce a sayi saiti cikakke wanda aka yi domin injin, kada a tsinto ɗai-ɗai don neman sauƙi. A tafi da tsohuwar a gwada tsawo da baki. Wajen sawa a cire ɗaya a mayar da ɗaya, gama injin Fijo mai silinda 4 yana tashi bisa jerin 1-3-4-2, in an sāɓa ba zaman lafiya.

To, malamai da akawuna, ku ne masu karatu. Ku bayyana wa direbobi wannan, musamman ku da kuka zuba ajiyarku cikin mota. Allah ya kiyashe mu da asara, amin.