Gadar Da Jama'a Suka Shekara 32 Suna Nema

'Yan uwa, a wannan makon bari mu leƙa New Brighton, wata unguwa ta bakin teku a birnin Christchurch na ƙasar Niyu Zilan. Akwai wata gada a can da ba ta haɗa gari da gari. Daga gaɓa ta tashi, ta kutsa cikin teku tsawon mita 300, ta tsaya. Masu kamun kifi na jefa ƙugiya daga samanta, masu hawan igiyar ruwa da allo na wasansu a gefenta.

Ta farko da katako aka gina ta a 1894, da ta tsufa aka rushe ta a 1965. Mazauna unguwar ba su haƙura ba. Suka dage da tara kuɗi da matsa wa hukuma lamba, har suka haɗa kusan dalar Niyu Zilan miliyan 2. Majalisar birnin ta ƙara kwatankwacin haka, aka buɗe sabuwa ta kankare ranar 1 ga Nuwamba, 1997.

Wani zai ce gadar da ba ta kai mutum ko'ina almubazzaranci ce. Mu ba mu ga haka ba. Mai jirgin ruwa yana zuwa inda kifi yake duk ranar da ya so. Wanda ba shi da jirgi kuwa, gadar ce ke kai shi ruwa mai zurfi da ƙafarsa. Tsoho da yaro da mai keken guragu duk suna samun rabonsu na teku.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne irin goyon bayan. Cewa "muna so" ba ta da tsada, kowa na iya faɗa. Jama'ar da ta sa hannu a aljihu ta nuna wa hukuma cewa da gaske take, hukuma kuma ta rasa bakin cewa babu masu buƙata.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Na farko, kuɗin jama'a ba ya sauke nauyin hukuma. In ya zama sai unguwa ta tara miliyoyi kafin a waiwaye ta, to unguwar matalauta za ta daɗe tana jira. Na biyu, gama gini ba shi ne gama aiki ba. Ƙugiyar masunci na iya kama mai hawan igiya a ƙasa, dole a tsara yadda kowa zai yi harkarsa. Ga kuma gyara: girgizar ƙasar 2011 ta taɓa gadar, sai da aka sake kashe mata kuɗi.

Don haka duk wanda ya ce yana goyon bayan irin wannan aiki, mu tambaye shi: bayan an yanke ƙyalle an watse, za mu same shi a wurin?