Motar Da Aka Zaunar Ƙasa: Rim 17 Na Titi Ne, 19 Na Hoto Ne

Duk mai yawo a TikTok ko Instagram ya san irin bidiyon. Mota ta lafe a ƙasa kamar kaza a kan ƙwai, rim sai sheƙi yake yi, taya kuwa siririya kamar an zagaya ƙarfen da baƙin fenti. Kyamara ta kewaya ta sau ɗaya, kiɗa ya tashi, cikin daƙiƙa goma sha biyar an gama. Ba a nuna lokacin da motar ta iso tudun rage gudu, direba ya karkace sitiyari yana hawa a kaikaice, 'yan adaidaita sahu na danna masa hon a baya.

Zaunar da mota ƙasa ba laifi ba ne, kuma idan an yi shi da hankali motar takan ƙara kama titi a kwana. Matsalar tana wajen zaɓen rim da taya. Saurayin da ba zai taɓa sayen waya ba sai ya duba RAM da furosesa da ƙarfin batir, shi ne zai shiga kasuwa ya nuna rim da yatsa don kawai ya burge shi. Alhali lissafin taya ya fi na waya sauƙi, kalkuletar da ke cikin wayar ma ta isa.

A ɗauki tayar da Corolla da Civic da yawa ke zuwa da ita, mai lamba 205/55 R16. Lambar farko faɗin taya ce a milimita. Ta biyu tsayin bangon tayar ne, wato robar da ke tsakanin bakin rim da titi, amma ba a milimita aka rubuta ta ba: kashi 55 ne cikin ɗari na faɗin, kusan milimita 113 ke nan. Ta ƙarshe girman rim ne a inci, kowane inci kuma milimita 25.4 ne. Idan aka haɗa rim da bangon sama da na ƙasa, tsayin ƙafar motar gaba ɗaya ya kama milimita 632. Da wannan adadin kamfani ya saita maleji da giya, don haka masu harkar ke cewa kada sabuwar ƙafa ta kauce masa da fiye da kashi 3 cikin ɗari.

Mai son ƙara girman rim yana da zaɓi uku da suka yi kusa da wannan tsayin. Taya 225/45 R17 tana ba da milimita 634, 225/40 R18 tana ba da 637, sai 225/35 R19 mai 640. A takarda duka sun ci jarrabawa, maleji ba zai yi ƙarya ba. Amma a dubi bangon. Daga 113 ya koma 101 a rim 17, ya koma 90 a rim 18, ya koma 79 a rim 19. Kusan kashi 30 na robar ya tafi.

A nan maganar take. Abu biyu ne ke shanye duka idan mota ta faɗa rami: iskar da ke cikin bangon taya, da kuma tazarar da sifirin da shok ke da ita ta matsewa kafin su ƙure. Wanda ya zaunar da mota ya riga ya yanke wani kaso na tazarar nan da hannunsa. Idan ya zo ya rage bangon taya kuma, ya cire matashi biyu a lokaci ɗaya, dukan ramin sai ya wuce kai tsaye zuwa ƙarfe. Abin da ke biyo baya masu faci sun fi kowa saninsa. Bakin rami ya matse robar a jikin rim, zaren ciki ya tsinke, taya ta yi ƙulu a gefe, kuma ƙulun gefe ba ya facuwa. In dukan ya yi tsanani rim ɗin kansa ya lanƙwashe ko ya tsage, iska ta riƙa zurarewa kullum da safe. A titin da ruwan damina ke sake wa fasali duk shekara, wannan ba tsautsayi ba ne, jiran rana ne kawai.

Wasu sun gane haka, sai su yi wata dabarar da ta fi ta farko muni. Su sayi rim 18, su ɗora masa taya mai kauri irin 235/45 don kada su rasa laushi. Tsayin ƙafar ya tashi zuwa milimita 669, ƙarin kusan kashi 6. Maleji na nuna 100, motar tana gudun 106. Saman tayar ya ƙara kutsawa milimita 18 cikin madigadin da aka riga aka sauko da shi, ita kuma motar ta ɗaga da milimita 18, wato rabin zaunarwar da aka biya kuɗi aka yi ya koma inda ya fito.

Ko a ƙasashen da titi ke sumul, babban rim ba kyauta ba ne. A 2010 mujallar Car and Driver ta Amurka ta gwada Volkswagen Golf guda da rim daga inci 15 har zuwa 19. Kowane ƙarin girma ya zo da ƙarin nauyi, kuma a 19 motar ta ƙara shan mai da kusan kashi 10, ta kuma rage kuzarin tashi. A farashin fetur na yanzu, kowa ya yi wa kansa lissafi.

Akwai wata lambar da kusan ba wanda ke tambaya a kasuwa, kuma ita ce ke raba rim ɗin da zai zauna lafiya da wanda zai riƙa gugar jiki. Tana bayan rim, an rubuta ET da adadi a gabanta. Tana nuna nisan fuskar da ake ɗaure noti daga tsakiyar rim, a milimita. Idan adadin ya ragu, ƙafar tana fitowa waje. A ce mota ta zo da rim mai faɗin inci 6.5 da ET45, aka sauya shi da mai inci 8 da ET35. Ƙarin faɗin milimita 38 ne, 19 a kowane gefe, ga kuma turin milimita 10 zuwa waje. Sakamakon shi ne bakin waje ya fito da milimita 29, na ciki ya matsa kusa da shok da milimita 9. A motar da ke tsayinta na asali wataƙila a sha da ƙyar. A wadda aka sauke, leɓen madigadi yana daidai kan kafaɗar tayar, kuma ranar da abokai uku suka cika kujerar baya za a ji ƙarar yanka.

Shi ya sa tsarin da ya dace shi ne a fara da zaunarwa, a ƙare da rim. A sa sifirin da aka ƙera don wannan aikin, irin na Eibach ko H&R, waɗanda galibi milimita 25 zuwa 40 suke saukewa. Yanke sifirin asali da injin yankan ƙarfe, kamar yadda wasu bakanikai ke yi don araha, bai cancanci muhawara ba. A yi 'yan kwanaki ana hawa har sifirin ya zauna, a gyara saitin ƙafafu domin sauke mota yana karkatar da saman taya ciki ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya, sannan a ɗauki awo. A ƙure sitiyari dama da hagu, a ɗora mutane a baya, a ga tazarar da ta rage. Wannan tazarar ce za ta faɗi faɗin rim da ET.

Sai ramukan noti. Camry da Accord 5x114.3 suke amfani da shi, Mercedes 5x112, Corolla ta kasuwar Amurka ta 2003 zuwa 2013 kuma 5x100. Na Mercedes da na Camry sun yi kusa har mai taurin kai zai iya tursasa su su shiga, kamar mai cusa cajar da ba ta wayarsa ba. Bambancin shi ne a nan notin zai zauna a karkace, kuma abin da ke iya ɓallewa ƙafar mota ce tana cikin gudu.

Yayin jan siririyar taya a kan faffaɗan rim don bangon ya kwanta shi ma haka. Taya 225/45 R17 an yi ta ne don rim mai faɗin inci 7 zuwa 8.5. Duk abin da ya wuce nan, bakin rim ya fito fili ba mai kare shi, kuma taya na iya suɓucewa daga mazauninta. A duba lambar nauyi ma: 91 na nufin kilo 615 a kowace taya, 84 kuma kilo 500 kacal, kuma siraran tayoyi sukan zo da ƙaramar lamba.

Za a ce kuɗinsa ne, motarsa ce, kuma ado ba ya buƙatar hujja. Gaskiya ne, al'adar ma tana da tarihinta. Matasa 'yan asalin Meziko a Los Angeles sun mayar da ita sana'a da alfahari, har jihar Kalifoniya ta kafa doka a ƙarshen shekarun 1950 da ta hana wani sashe na mota ya sauka ƙasa da bakin rim, dokar da ba a soke ba sai a 2023. Amma a lura da amsar da suka bayar. Ba su ci gaba da gurzar titi ba, sun ƙirƙiro na'urar da ke ɗaga mota da sauke ta da maɓalli. Wanda ke da kuɗin irin wannan, ko ta iska ta zamani, da motar da ba ya fitar da ita sai ranar biki, ya sa 19 ba mai ce masa komai.

Wanda kuwa motarsa guda ce, da ita zai je aiki, da ita zai kai Hajiya asibiti, da ita zai kama hanyar Zariya ko Katsina, lissafinsa daban ne. Saukewar milimita 30, rim 17 mai faɗin inci 7 ko 7.5, ET kusa da na asali, taya 225/45 ko 215/45, bango bai gaza milimita 95 ba. A hoto bambancinsa da 19 sai an ƙura ido. Idan kuma taya ta fashe da yamma a wani ƙaramin gari, mai faci zai fi saurin lalubo masa inci 17 a cikin tarin tayoyinsa fiye da 225/35 R19.