Google ya fara riƙe masu karatu: wace ƙofa ta rage wa jaridun intanet?

Shekara da shekaru, cinikin da ke tsakanin Google da masu wallafa labarai a intanet a bayyane yake: ɗan jarida ya rubuta, Google ya nuna wa mai bincike hanya, mai karatu ya latsa ya shiga shafin, mai shafi ya samu kuɗin talla. Wannan ciniki ya fara tangal-tangal.

A watan Mayun 2024 Google ya ƙaddamar da AI Overviews a Amurka, daga baya ya faɗaɗa shi zuwa ƙasashe fiye da 100. Tsarin yana tattaro bayanai daga shafuka daban-daban, ya ɗora taƙaitacciyar amsa a saman sakamakon bincike. Wanda ya samu amsarsa a nan ba shi da dalilin wucewa gaba. Cibiyar bincike ta Pew ta Amurka ta gano a 2025 cewa idan taƙaitawar ta bayyana, kashi 8 cikin ɗari ne kawai na ziyarce-ziyarce ke ƙarewa da latsa wani shafi, alhali idan babu ita adadin yana kaiwa kashi 15. A watan Satumban 2025 kamfanin Penske Media, mai mujallar Rolling Stone, ya maka Google a kotu kan wannan batu.

Ga shafukan Hausa, dama can ƙofar Google ba ta da faɗi. Mai bincike yakan rubuta kalma ba tare da ƙugiyar ɓ, ɗ ko ƙ ba. Wani ya rubuta Zinder, wani Damagaram. Wani Niamey, wani Yamai. Matasa da dama kuma da Faransanci suke bincike ko da labarin Hausa suke nema. Yanzu da kundin sake gina ƙasa na watan Maris ɗin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, tambayar ita ce ta wace hanya rubutun Hausa zai isa ga masu shi.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce Facebook. Sai dai wanda ya hau dokin aro, ranar da mai doki ya ga dama zai sauke shi. A watan Janairun 2018 Facebook ya rage nuna labaran kafafen watsa labarai domin fifita saƙonnin dangi da abokai. A watan Agustan 2023 kamfanin Meta ya toshe labarai gaba ɗaya a Facebook da Instagram a Kanada, saboda dokar da ta nemi ya riƙa biyan jaridu. A maƙwabciya Nijeriya, gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Duk wanda ya tara jama'arsa a dandali ɗaya, shawarar wani ofishi da ke nesa tana iya raba shi da su cikin dare guda.

Akwai waɗanda suka bi wata hanya. Jaridar mako-mako The Continent, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a watan Afrilun 2020, an tsara ta ne tun farko don a karanta a wayar salula. Ana aika ta kai tsaye ta WhatsApp, Signal, Telegram da imel, kuma mai karatu ne ke tura ta ga na kusa da shi. Abin da ya riƙe ta shi ne jerin mutanen da suka ce da bakinsu a aiko masu.

Wannan salo ya dace da yadda labari ke yawo a Maraɗi, Tawa da Damagaram, inda saƙon murya ya fi dogon rubutu tafiya, kuma kuɗin data ke sa mutum ya yi tunani kafin ya buɗe shafi mai nauyin hotuna. Tashoshin WhatsApp, da aka buɗe wa duniya a Satumban 2023, suna ba kafa damar isa ga mabiyanta ba tare da jiran bincike ba. Taƙaitaccen labari na murya da safe, haɗin gwiwa da gidajen rediyon al'umma, da shafi marar nauyi da ke buɗewa ko da layi ya yi rauni, duk hanyoyi ne da ba sa bi ta Google.

Ƴan ci-rani na cikin masu karatun da suka fi dawowa. Ɗan Tawa da ke Abijan ko Tripoli farashin tiyar hatsi a kasuwar garinsu yake son ji, da yadda damina ta kama, da halin da hanya ke ciki. Irin wannan labari sai wanda ya taka ƙafa zuwa kasuwa ne ke da shi, kuma na'ura ba ta iya taƙaita abin da ba a rubuta a ko'ina ba.

Hanyar ma tana da ƙaya. WhatsApp mallakar Meta ne, don haka kafar da ba ta ajiye lambobi ko imel na masu karatunta da izininsu ba, har yanzu a gidan haya take. Saƙon da aka tura daga hannu zuwa hannu ba ya kawo kuɗin talla kamar ziyarar shafi, kuma ana iya yanke shi ko a liƙa masa ƙarya da sunan kafar. Ga kuma dokar laifukan intanet da aka yi wa gyara a Yunin 2024, wadda ta maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta hanyar lantarki, abin da ke ƙara wa mai turawa nauyin tantance abin da ya tura.

Saboda haka ma'aunin ƙarfin kafa ya sauya. Dubban masu wucewa da bincike ya jefo sau ɗaya ba su kai ɗaruruwan da suka san sunan jarida, suka ajiye lambarta, suke nemanta kowace safiya ba. Waɗannan ne za su iya biyan jaka ɗaya a wata idan an roƙe su, kuma su ne ɗan kasuwar Maraɗi zai yarda ya biya don tallarsa ta isa gare su.