Gyambo Ya Rufe, Saura Safa

Jama'a, a wannan wata za mu ajiye zancen makaranta mu taɓa wani abu da ke damun iyayenmu a zango, wato gyambon da ke fitowa dab da idon sawu. Galibi yakan kama waɗanda sana'arsu ta tsayuwa ce ko ta dogon zama, kamar masu sayar da koko da wake da shinkafa, da mahauta, da direbobin manyan motoci da ke zirga-zirga tsakanin Kumasi da Tamale. A yi wata shida ana wanki a asibiti, ya rufe, a yi murna. Kafin shekara ta zagayo sai ga shi ya dawo, sai a ce ai jifa ce ko sammu.

To, ga yadda abin yake. Jinin da ya sauka ƙafa dole ya hau ya koma zuciya. Cikin jijiyoyin da ke mai da shi akwai 'yan ƙofofi masu hana shi gangarowa, kuma naman sha-raɓa ne ke tura shi sama duk lokacin da aka taka. Idan ƙofofin suka lalace, saboda yawan haihuwa, ko ƙiba, ko daskarewar jini da aka taɓa yi, sai jinin ya taru a ƙasa. Ƙafa ta kumbura, fata ta yi baƙi ta yi tauri, ɗan ƙwarzane kaɗan ya zama gyambo. Ran da fatar ta haɗe, ƙofofin nan suna nan a lalace. Shi ya sa yake dawowa.

Maganin da likitoci suka dogara da shi shi ne matsi. Ana ɗaure ƙafar da bandeji na musamman, ya fi matsewa a idon sawu, ya riƙa sassautawa har zuwa ƙarƙashin gwiwa. Ɗaurin nan mai hawa huɗu a asibitin Charing Cross na Landan aka ɓullo da shi a shekarun 1980. Bayan an warke kuma sai a koma ga safa mai matsewa, kullum, kuma ga yawancin mutane har iyakar rai. Nan ne muke faɗuwa. Mai ciwo yakan jure bandeji domin yana ganin miki, amma safa mai zafi a watan Maris, a ƙafar da ba ta ciwo, sai ta koma ƙasan akwati. Wanda ya kasa jure mai ƙarfi, ya roƙi a ba shi mai sauƙin matsi. Ta fi babu nesa ba kusa ba.

Da sassafe ake sa ta, kafin ƙafa ta kumbura, a cire da dare a shafa wa fatar mai. A sami biyu saboda wanki, a kuma sake su bayan kamar wata shida, don robar takan saki. Kada a naɗe bakinta ƙasa, sai ta shaƙe ƙafar. Batun alwala kuwa, wanda muka san shi ne ke hana dattawa da yawa, a kai shi gaban malami tare da bayanin likita.

Amma a yi hattara, ba kowane gyambo ne na jijiyar da muka ambata ba. Akwai na ciwon sukari, da na sikila, da Buruli wanda aka sani a ƙasar nan. Akwai kuma wanda hanyar da ke kawo jini ƙafar ce ta toshe, shi kuwa idan aka matse shi ana iya rasa ƙafar ɗungurungum. Saboda haka kada kowa ya sayi safa a Kejetia ya sa wa tsohuwarsa. Sai an auna ƙarfin jini a idon sawu an gwada da na hannu, an kuma auna kaurin ƙafar. In an sa ta yatsu suka yi sanyi, ko suka mutu, ko suka canza launi, a cire nan take a koma asibiti.

Safa kaɗai ba ta isar wa kowa. A wani bincike da aka buga a Ingila a 2004 a kan mutum 500, cikin shekara guda gyambo ya dawo wa kashi 28 cikin ɗari na masu matsi kaɗai, amma kashi 12 ne kawai cikin waɗanda aka haɗa musu da aikin jijiya. Wanda nasa ya dawo sau biyu ko uku, ya tambayi likita ko za a tura shi babban asibiti kamar Komfo Anokye ko Korle Bu a duba jijiyoyin.