Jirgin ƙasan da yarona ya ce shi ya ƙera

 Yau zancen jirgin ƙasa zan yi muku, amma na cikin kwamfuta, domin shi ya hana gidana sakat a makon jiya.

Yarona na biyu, mai shekara 14, tun ranar da muka shiga jirgi daga Rigasa zuwa Abuja ba shi da wata hira sai ta jirgi. Babansa ya bar masa tsohuwar kwamfutarsa, ya sa wani wasa mai suna Trainz. A wasan nan ba harbi ba faɗa. Kai ne direba: ka tayar da jirgi, ka kiyaye sigina, ka tsaya a tasha a kan lokaci. Hankalina ya kwanta, na ce gara wannan da yawon banza.

Ashe wasan tsoho ne, ya girmi yaron nesa ba kusa ba. Wani kamfani mai suna Auran a Ostareliya ne ya fitar da shi a 2001, shekarar da Microsoft ma ta fitar da nata mai suna Microsoft Train Simulator. Abin da ya raya irin waɗannan wasanni har yau shi ne masu wasan da kansu suke ƙera kayan ciki: kan jirgi, taragu, gadoji, tashoshi, har itatuwan gefen layin dogo. Mutum zai nemo hotuna da awon jirgin gaske, ya zauna da manhaja irin su Blender yana sassaƙa shi gaɓa-gaɓa, ya yi masa fenti, ya sa masa ƙarar inji. Wasu suna sayar da abin da suka ƙera. Da yawa kuwa kyauta suke ɗorawa, kowa ya sauke. Trainz har rumbu gare shi na wannan, ana ce masa Download Station.

Yarona ya nemi jirgi mai launin ƙasarmu bai samu wanda ya yi masa ba. Sai ya sauke wani kan jirgi da wani bawan Allah a Turai ya ƙera, ya sauya masa fenti zuwa kore da fari, ya rubuta Kaduna a jikinsa. Da a nan ya tsaya, da babu magana. Amma sai ya buɗe ƙaramin fayil ɗin da ke ɗauke da bayanin jirgin, ya goge sunan mai shi, ya rubuta nasa, ya ɗora a intanet yana cewa ga jirgin da ya ƙera. Yabo ya yi ta zuwa. Ni ma da ya nuna mini sai da na tura wa ƙannena, ina cewa ku zo ku ga injiniyana.

Kwana huɗu sai na ga yaro ya daina cin abinci sosai. Da na matsa masa, ya miƙo mini wani saƙo da Turanci. Mai jirgin ne. Dattijo ne da ya yi ritaya, ya ce wata takwas ya yi yana aikin, kuma ya rubuta ƙarara a cikin fayil ɗin cewa duk mai son sauya fenti ya raba wa jama'a, ya fara tambayarsa. Bai zagi yaron ba. Ya ce dai wannan ne karo na uku da aka yi masa haka, kuma ya fara tunanin janye kayansa gaba ɗaya.

Amsar da yarona ya ba ni ita ce ta sa na rubuta wannan. Ya ce, "Umma, ai kyauta ya saka. Ban sayar ba, ban ci ko kwabo ba. Kuma nasa yana nan, ban ɗauke masa ba."

Na san da yawa daga cikin yaranmu haka suke gani, wataƙila har da mu. Sai na ce masa: in na dafa dambun nama na aika wa maƙwabciya kyauta, ta juye a kwanonta ta kai gidan suna ta ce ita ta yi, me za ka kira wannan? Ya yi shiru. Dattijon ya ba ka jirgi ka tuƙa. Bai ba ka sunansa da wata takwas ɗinsa ba. Mai ƙera abu kyauta ba shi da wani lada a wurin mutane sai a ce wane ne ya yi. In ka ɗauke wannan, me ka bar masa? Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma ɓarnar ba ta tsaya a kan mutum ɗaya ba. A Trainz kowane abu yana da lambar shaida da ake kira KUID, kuma a cikinta akwai lambar wanda ya ɗora shi. Hanyar jirgi guda ɗaya tana iya dogara da ɗaruruwan kayan mutane daban-daban: gadar wannan, siginar wancan, tashar wani. In aka kwafi abu aka ba shi sabuwar lamba, ranar da mai shi ya gyara wani kuskure, gyaran ba zai kai ga masu riƙe da kwafin ba. In kuma mai ƙira ya yi fushi ya rufe shafinsa, duk wanda ya zo daga baya zai sauke hanya ya tarar da giɓi a cikinta. Mutum ɗaya ya yi laifi, mutanen da ba su ji ba su gani ba su yi asara.

Doka ma ba ta goyi bayan yarona ba. Haƙƙin mallaka yana hawa kan aiki tun daga lokacin da aka samar da shi, ba sai an yi rajista ba, kuma ba sai ana sayar da shi ba. Haka Yarjejeniyar Berne ta 1886 ta tanada bayan gyare-gyaren da aka yi mata, kuma Najeriya ta shiga cikinta a 1993. Sabuwar dokarmu ta haƙƙin mallaka, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tabbatar wa mai aiki haƙƙin a danganta aikinsa da shi. Ban yi zaton dattijon zai kai yaro ƙara daga Turai ba. Abin da ya dame ni shi ne haƙƙin mutum, wanda muka sani ba ya faɗuwa don mai shi yana nesa ko ba addininmu ɗaya ba.

Ina cikin yi masa faɗa sai ya ce, a ladabce, "Umma, littafin da Anti ta turo miki jiya fa?" Jikina ya yi sanyi. Littafin kuɗi ne na wata marubuciya, ta rubuta a saman kowane shafi cewa kada a fitar, ni kuma na karanta ban biya ba, har na tura wa wata. Mu nawa ne muka taɓa ɗaukar hoton kek ko ɗinkin wata muka sa a tallarmu? Yaro abin da ya ga ana yi a gida shi yake ɗauka halal. A daren na nemi lambar marubuciyar na biya kuɗinta, a gabansa.

Shi kuma ga abin da muka yi. Ya sauke jirgin daga inda ya ɗora. Ya rubuta a wurin da aka yabe shi cewa fenti kawai ya yi, ya ambaci sunan mai ƙirar. Wannan ya fi komai yi masa ciwo, har da hawaye. Sannan ya rubuta wa dattijon ban haƙuri, ya nemi izini. Sai bayan mako guda amsa ta zo: ya yarda a sake ɗora wannan guda ɗayan, da sharaɗin sunansa ya zo a farko.

Uwargida, ba sai kin iya kwamfuta ba kafin ki kula da wannan. In ɗanki ko 'yarki ta nuna miki wani abu ta ce ita ta yi, jirgi ne, zane ne ko bidiyo, ki yaba, sannan ki tambaya: wane ɓangare ne naki? Wa ya yi sauran? Ya yarda a raba? Kin rubuta sunansa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici.

Yanzu injiniyana ya fara koyon Blender. Makonsa biyu yana fama da benci guda na tasha, ƙafa ɗaya har yanzu ta fi sauran tsawo. Jiya ya ce mini bai san yadda mutum zai iya ƙera jirgi sukutum ba.

Ku fa, an taɓa ɗaukar aikinku aka sa wani suna? Ko kun taɓa kama yaranku da irin wannan? Ku rubuta mana a ƙasa yadda kuka yi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya shirya mana zuri'a.