Lissafin waya: amfanin hanyoyi da yawa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa jan waya siririya daga shagon maƙwabci a kasuwar Dole, ya ga fitila ta dushe, waya ta ɗau zafi, to ya gamu da abin da masana ke kira turjiya, wato cijewar da waya ke yi wa wutar lantarki. Bajamushe Georg Ohm ya bayyana ƙa'idarta a 1827, shi ya sa ake auna ta da om.

Wayoyi 2 masu om 1 kowace, in an ƙulla su a jere, turjiyarsu om 2 ce. In an shimfiɗa su kafaɗa da kafaɗa, sai ta koma rabin om, domin wuta ta samu hanya biyu.

Ga tambayar da ke kayar da ƴan lise. A ƙera akwati mai siffar dunƙulen Maggi da wayoyi 12, kowace om 1, wuta ta shiga ta wata kusurwa, ta fita ta wadda ta fi nisa. Nawa ce turjiyarsa? Mai basira daidaiton akwatin yake dubawa. In ampa 6 suka shiga, wayoyi 3 na farko, da yake duk ɗaya suke, kowace ta ɗauki 2. Wayoyi 6 na tsakiya su ɗauki ɗai-ɗai, 3 na ƙarshe su sake tara bibbiyu. Ampa 1 cikin om 1 na cin volt 1, saboda haka kowace hanya aka bi, 2 da 1 da 2, volt 5 ke nan. A raba 5 gida 6: om 5/6. Wayoyi 12, amma ba su kai turjiyar guda ba.

Waya mai kauri tamkar sirara ce masu yawa kafaɗa da kafaɗa. Wanda ya sayi siririya don araha, yana biyan Nijelek kuɗin zafin banza, ga barazanar gobara.

Gari ma haka yake. Wutar da Damagaram ke samu daga Nijeriya layi guda take biyowa daga Katsina zuwa Gazawa, inda ta rabu da ta Maraɗi. Da Nijeriya ta yanke wuta a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai injinan gazuwal suka rage, aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.