Tafkin Wanka Ya Tsufa, Magada Suna Kuka

A zamanin da kuɗin man fetur suka yi ambaliya a ƙasar nan, wato daga 1973 zuwa wajen 1980, manyan mutane da yawa sun haƙa tafkin wanka a bayan gidajensu, musamman a Ikoyi da Ikeja cikin Ikko, da Bodija a Badun. Yau galibin masu gidajen sun kwanta dama, sun bar wa magada ramin siminti wanda shekarunsa suka doshi hamsin. To, a nan ne ake gane cewa tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya, amma sai ya yi dubu bai fita ba.

Shi tafkin wanka dabba ce mai ci kullum. Wanda tsawonsa ya kai mita 10, faɗinsa mita 5, zurfinsa mita 1.5, yana ɗaukar ruwa lita 75,000. Wannan ruwa kuwa ba ya zama garau sai inji ya riƙa jansa yana bi da shi ta cikin matatar yashi, kimanin awa takwas kowace rana, ana kuma zuba masa sinadarin kulorin daidai gwargwado. Da aka ƙara kuɗin lantarki na rukunin Band A zuwa Naira 225 a kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, injin mai cin kilowat ɗaya ya tashi a kan Naira 54,000 a wata. In an ɗauke wuta kuma, sai janareta. In aka yi sakaci na mako guda ko biyu, ruwa ya koma kore shar da gansakuka, kwaɗi su tare.

Tsufa kuma ya zo da nasa. Tayil ya ɓamɓare, kankare ya tsattsage, rodin da ke ciki ya yi tsatsa ya kumbura ya ƙara buɗe tsagar, bututun da ke binne ya riƙa yoyo inda ido ba ya gani. Birkila ya ɗora laifi a kan mai gyaran famfo, mai gyaran famfo ya ɗora a kan birkila, mai gida na ta biya. Alhali kuwa akwai gwaji mai sauƙi: a cika bokiti da ruwa, a ajiye shi a kan matakalar tafkin, a sa alama a ciki da waje. Bayan kwana ɗaya, in ruwan tafki ya fi na bokiti sauka, yoyo ne. In sun sauka daidai, rana ce da iska suka sha. Kada a raina rabin santimita, domin a tafki irin wancan lita 250 ke nan.

Waɗansu kan gaji su kwashe ruwan su huta. Wannan ma ba hutu ba ne. A wuri kamar Ikko, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake kusa, tafkin da ba kowa a cikinsa tamkar kwale-kwale yake: ruwan ƙasa yana iya ɗaga shi, ya fasa shi. Da damina ta sauka kuma, ruwan sama ya kwanta a ciki, sauro ya yi ƙwai, kafin mako biyu ya tashi ya raba wa maƙwabta zazzaɓi.

Abin da ya fi duk wannan tsanani shi ne rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 300,000 ne suka nutse suka mutu a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, koren ruwa kuma yana ɓoye abin da ya faɗa ciki. Sau da yawa ɗan maigadi ne ko na kuku yake wasa a bayan gida ba mai kallo.

Saboda haka hanya biyu ce kawai ga magaji. In da hali, a gyara sosai, a kewaye ta ko'ina da shinge mai tsayin mita 1.2 da ƙofa mai rufe kanta. In babu, a huda ƙasan ramin domin ruwa ya riƙa wucewa, a cika shi da tsakuwa da ƙasa, a daddaɓe, a shuka alayyafo. Ba abin kunya ba ne a binne tafkin da uba ya bari. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah ya kare mana zuri'a, amin.